Babakere a kan hanyoyin magana: daga sanƙiran fada zuwa kamfanonin intanet (Ƙonni, Malbaza, Illela, 1899-2025)

1. Gabatarwa

A cikin wannan takarda muna so mu duba wata tsohuwar tambaya: wa ke riƙe da hanyar da magana ke bi kafin ta kai kunnen jama'a? A Turai da Amurka ana ta kokawa cewa kamfanoni ƙalilan, irin su Meta da Google, sun yi babakere a kan hanyoyin sadarwa, har abin ya zama barazana ga dimokuraɗiyya. Mu kuwa mun zaɓi mu dubi batun daga ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, cikin jihar Tawa, domin mutanen wannan yanki sun sha ganin babakere iri-iri, kuma sun daɗe da sanin dabarar kuɓuce masa. Abin da za mu nuna shi ne, dabarar da ta fisshe su jiya, wato tsallaka iyaka, ba ta cin babakeren yau.

2. Daga fada zuwa bariki

Kafin zuwan Nasara, a fadar Sarkin Adar da ke Illela da ta Sarkin Ƙonni, sanƙira da maroƙa da makaɗa su ke isar da umurni, su kuma ke yaɗa yabo da zambo. Amma fada ba ta taɓa mallakar magana duka ba. Kasuwa tana da nata labari, fataken da ke kai da kawowa tsakanin Agadas da Sakkwato suna da nasu, malamai kuma suna aike da wasiƙu. Wanda ya ji shelar sarki da safe yana iya jin akasinta da yamma a zauren malami ko a rumfar mahauta.

Mulkin mallaka ya zo da wani sabon abu: hanyar magana mai nisa wadda talaka ba shi da iko da ita ko kaɗan. A watan Mayu na 1899 ayarin Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙonni, ya kashe mutane masu yawa. Labarin ta'asar wannan ayari, wanda ya sa gwamnatin Faransa ta aiko Kanar Klobb, bai fito daga bakin waɗanda aka zalunta ba. Ya fito ne daga wasiƙar wani hafsan Faransa, Peteau, da aka kora daga ayarin. Klobb ya bi sawunsu, ya ga abin da aka yi a Ƙonni, sa'an nan aka kashe shi ran 14 ga Yuli 1899 kusa da Tasawa. Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, kukan mutanen ƙasa bai zama labari ba sai da ya bi ta hanyar da baƙo ke riƙe da ita.

Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1906, da aikin shata iyaka da ya biyo baya har 1908, sun raba Ƙonni da Sakkwato. Iyakar ta yanka dangi da gonaki, amma ta bar wa jama'a wata kafa: hukuma biyu, kuɗi biyu, farashi biyu. Wanda aka matsa wa a nan sai ya leƙa can.

3. Zamanin murya ɗaya (1958-1990)

An buɗe Rediyon Nijar a 1958. A 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, ƙasa ta koma hannun jam'iyya ɗaya, PPN-RDA, har juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilu 1974. A 1967 aka kafa ORTN, ma'aikatar da ta haɗa rediyo da talabijin na gwamnati. Tsawon waɗannan shekaru, rediyo da talabijin da tarho duk na hukuma ne.

Haka abin yake a fannin ciniki. A 1962 aka kafa SONARA don ta riƙe fitar da gyaɗa, da COPRO-Nijar don ta riƙe shigo da wasu kayan masarufi. Masana'antar siminti ta Malbaza kuwa ta daɗe ita kaɗai ce a ƙasar. Amsar da mutanen kan iyaka suka ba babakeren ciniki sananniya ce: fasa-ƙwauri. In farashin hukuma bai yi ba, kaya su kwana a Illelar Nijeriya.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, kunne ma ya yi nasa fasa-ƙwaurin. Sashen Hausa na BBC ya soma aiki a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, sashen Hausa na Muryar Amurka a 1979, ga kuma Muryar Jamus da Rediyon Rima ta Sakkwato. Manomin Dogarawa ko mai tebur a tashar Ƙonni yakan saurari Muryar Sahel, sa'an nan ya murɗa akwatinsa ya ji abin da wasu suka ce, ya auna. Ya kamata kuma mu yi wa wancan zamani adalci: ƙungiyar Radio-Clubs da aka kafa a 1962 ta riƙa tura masu ɗaukar magana ƙauyuka, ana sauraren shiri tare, ana tattaunawa, ana mayar da muryar manoma gidan rediyo. Hukuma ke zaɓen batu, amma dai an san mai zaɓen, an san ofishinsa a Yamai.

4. Buɗewar baki (1990-2010)

Bayan kisan ɗalibai a gadar Kennedy ran 9 ga Fabrairu 1990, jaridar Haske ta fito a watan Mayu na wannan shekara, ita ce ta buɗe ƙofar jaridu masu zaman kansu. Babban Taron Ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, an watsa shi ta rediyo, talakawa suka ji ana yi wa manya tambaya a bainar jama'a. Rediyo mai zaman kanta ta farko, R et M, ta soma a 1994, Anfani ta biyo baya, daga bisani ita da Sarauniya suka buɗe rassa a Ƙonni. Daga 1999 rediyoyin karkara suka fara yaɗuwa. A nan ne muhawara ta sami gida: shirin kiran waya, zaman fada na samari, kaset ɗin wa'azi da na waƙar siyasa.

Wayar salula ta shigo a 2001. Binciken Jenny Aker a kan kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ya nuna cewa zuwanta ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Mai albasar Galmi ya sami damar jin farashin Abijan ko na Akara kafin ya ɗora buhu a mota. A wannan lokaci, fasaha ta rage ƙarfin dillali, ba ta ƙara shi ba. Sai dai mallakar layukan ta riƙa sauya hannu a nesa da mu: Celtel ta koma Zain a 2008, Zain ta koma Airtel a 2010.

5. Babakeren da ba shi da iyaka

Google ya sayi YouTube a 2006. Facebook ya sayi Instagram a 2012 a kan dala biliyan 1, ya sayi WhatsApp a 2014 a kan wajen dala biliyan 19, ya sauya sunansa zuwa Meta a 2021. Saƙon murya na WhatsApp ya dace da jama'ar da magana ta fi rubutu ƙarfi a wurinsu: da shi ake shelar suna da rasuwa, da shi ake cinikin albasa, da shi ake yaƙin neman zaɓe. Muna ganin wannan babakere ya bambanta da na baya ta fuska huɗu.

Ta farko, ba shi da tsallake. Wanda ya bar Ƙonni ya shiga Illelar Nijeriya ya sauya kuɗi, ya sauya layi, amma bai sauya mai dandali ba. Ran 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya cak wajen awa shida, ɓangarorin iyakar biyu suka yi shiru tare.

Ta biyu, ba a ganin mai zaɓen magana. A Facebook da YouTube da TikTok, wani tsarin lissafi ne ke tantance abin da zai fito a gaban mutum, kuma an gina shi ne don ya riƙe ido, saboda talla ce ke kawo kuɗi. Banza ba ta kai zomo kasuwa: abin da ake ba mu kyauta, da lokacinmu da bayananmu muke biya. Maganar da ke tunzura zuciya ta fi riƙe ido a kan maganar da ke buƙatar tunani.

Ta uku, harsunanmu ba su cikin lissafin farko. Takardun da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa kashi 87 cikin ɗari na abin da Facebook ya ware don tantance labaran ƙarya a Amurka yake tafiya, sauran duniya ta raba 13. A Disamba 2020 kamfanin da kansa ya ba da sanarwar goge shafukan bogi masu alaƙa da wasu mutane na rundunar Faransa da kuma na Rasha. Nijar tana cikin ƙasashen da shafukan Faransa suka nufa. Wato baƙi suna kokawa a dandalin da muke zaton namu ne, wani baƙon kuma ke alƙalanci.

Ta huɗu, tattara magana wuri ɗaya ya sauƙaƙa wa hukuma toshe ta. Shugaba Mahamadou Issoufou, ɗan Dandaji ta ƙasar Illela, shi ne shugaban ƙasa na farko da ya sa hannu a kan sanarwar Table Mountain ta ƴancin jarida, a Nuwamba 2011. Amma a ƙarshen mulkinsa, bayan zagaye na biyu na zaɓen 21 ga Fabrairu 2021, an katse intanet na salula wajen kwana goma. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri a kan ɓata suna. An cire shi a 2022, an maido shi a Yuni 2024. An dakatar da RFI da France 24 a Agusta 2023, BBC kuma a Disamba 2024. A Nijeriya, da Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, gwamnati ta rufe shi daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. A cikin wannan rigima ta giwaye biyu, ba a tambayi mai amfani da dandalin ba.

6. Kammalawa

Manyan ƙasashe suna gwada ƙarfinsu. Tarayyar Turai ta yi dokar kasuwannin intanet a 2022. A Agusta 2024 wata kotun Amurka ta sami Google da laifin babakere a fannin bincike. A Yuli 2024 hukumar kare masu sayayya ta Nijeriya ta ci Meta tarar dala miliyan 220, kuma a 2025 kamfanin ya nuna yana iya janye Facebook da Instagram daga ƙasar. In haka aka amsa wa Nijeriya, a bayyane yake cewa Nijar ita kaɗai ba ta da nauyin da za ta ja da su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma masu jin Hausa na ɓangarorin iyakar biyu buƙatarsu ɗaya ce a nan.

Ba muna cewa a koma zamanin murya ɗaya ba. Wanda ya rayu a cikinsa ya san ɗacinsa. Tarihin da muka bi ya nuna cewa abin da ya kare muhawara a Ƙonni da Adar ba kirkin masu iko ba ne, yawan ƙofofi ne: kasuwa a gefen fada, tashar waje a gefen ta gida, rediyon karkara a gefen ta gwamnati. Saboda haka muna ganin tallafa wa rediyoyin gari, da horar da ƴan jarida masu tantance labari da Hausa da Tamajak da Fulatanci, da hana katse intanet ba tare da hukuncin alƙali ba, sun fi kusa da ikonmu a kan jiran gyara daga Kalifoniya. Zanen aro ba ya rufe katara.