Amsoshin Tambayoyinku: Firinta Mai Tawada Da Mai Hoda

TAMBAYA: Wani mai saurarenmu da ke zaune a Samaru, wanda yake sayar da taki da irin shuka a kasuwar Sabon Garin Zariya, ya aiko yana cewa firintar da yake buga rasidi da takardun tallar kayansa a gida ta ishe shi da bushewar tawada. An ba shi shawara ya koma ƙaramar firintar leza mai launi. Yana so a ba shi tarihin injunan nan biyu, da abin da ya bambanta su.

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan tambaya, ga shi kuwa ta fito daga garin da ya san ɗab'i tun da daɗewa. A Zariya aka fara fitar da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, a 1945 kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wada. A wancan zamani sai an jera haruffan dalma, a shafa musu tawada, sannan a danna a kan takarda. Aiki ne na kamfani, ba na mutum ɗaya a ɗakinsa ba. Ofisoshi da makarantu kuwa da tafireta da sitansil suka dogara. Dattawan akawu za su tuna yadda ake bin takarda da biro ana yi wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasa, don yawancin tafiretocin ba su da su.

Wani abin mamaki, dabarar da leza ke aiki da ita ta girmi jaridar Gaskiya da 'yan watanni. A watan Oktoban 1938 ne wani Ba'amurke mai suna Chester Carlson ya yi nasarar kwafe rubutu da busasshiyar hoda, ba tare da ruwan tawada ba. Wannan shi ne asalin injin fotokwafi, irin waɗanda suka cika shagunan Samaru da ke kusa da Jami'ar Ahmadu Bello. A 1969 wani injiniyan kamfanin Xerox, Gary Starkweather, ya yi tunanin sa hasken leza ya zana rubutun kai tsaye daga kwamfuta. Injunan farko sai babban ɗaki ke ɗaukarsu. Sai a 1984 kamfanin HP ya fito da LaserJet wadda za ta hau tebur, kuɗinta kusan dala 3,500, baƙi kawai take bugawa. Mai launi ta wannan kamfani ta biyo baya a 1994.

Ita kuwa mai tawada, ana ba da labarin cewa a 1977, a kamfanin Canon na ƙasar Japan, wani ƙarfe mai zafi ya taɓa sirinji mai tawada, sai tawadar ta yi tsartuwa. Daga nan aka gane zafi zai iya feso ta ta ƙofofin da ba su kai kaurin gashi ba.

To ka ji inda matsalarka take, Alhaji. Ƙofofin nan ƙanana ne ƙwarai, tawadar kuma ruwa ce. In injin ya yi mako biyu ko uku ba a taɓa shi ba, balle a hunturun Zariya, sai ta bushe ta toshe hanya. Kafin ya wanke kansa ya sha tawada mai yawa. Kai kuwa cinikinka na damina ne, da rani injin zai fi zama a lulluɓe. Hodar leza, wadda ake kira tona, dama can busasshiya ce, ko ta yi watanni a ajiye za ta buga. Rubutunta kuma ba ya zuba in ruwa ya taɓa shi, abin da ke da amfani ga rasidin da manomi zai cusa a aljihu ya tafi gona.

Amma fa kada ka yi gaggawa. Leza tana narkar da hodar ne a jikin takarda da zafi kusan digiri 200, kamar dutsen guga, saboda haka tana jan ɗaruruwan wat, alhali mai tawada ba ta fi ƙwan fitila ci ba. In da ƙaramin janareto ko ƙaramar sola kake amfani, fara tambayar mai gyaran wuta ko za su iya ɗaukarta. Sannan robar hoda huɗu ce a cikinta: baƙa, shuɗiya, ja da rawaya. Wadda ake haɗowa da sabon inji yawanci ba cikakkiya ba ce, sayen huɗun a lokaci guda kuwa yana iya kusantar kuɗin injin kansa. Kafin ka biya, zagaya shagunan kayan kwamfuta na Sabon Gari ka tabbatar ana samun hodar wannan samfurin, ka ji farashinta.

In kuwa hoton mutane za ka riƙa bugawa, har gobe mai tawada ta fi fitar da shi da kyau. Akwai ma mai tanki, wadda kamfanin Epson ya fara sayarwa a Indunisiya a 2010, ana ɗura mata tawada daga kwalba da araha. Sai dai ita ma ruwa ce, tana bukatar a buga ko da shafi ɗaya duk mako.