Wane Ne Jahili? Tarihin Wata Kalma A Yerwa

Jama'a, akwai kalmar da muke jifan juna da ita a kasuwar Monday Market da lungunan Hausari ba tare da mun san inda ta faro ba, wato "jahili".

Tun kafin a kafa Yerwa a 1907, kakanninmu suna tahowa gabas neman karatun Alƙur'ani. A tsangaya kowa da sunan matakinsa: ƙolo, titibiri, gardi, alaramma, har zuwa gwani, wanda Barebari ke ce wa goni. Wanda bai yi nisa ba sai a ce "karatunsa na salla ne", wato ya san abin da zai yi ibada da shi. Jahili a wancan zamani shi ne wanda bai san farilla da sunna ba. Larabci ma ya raba biyun: wanda bai iya rubutu ba ummiyyi ne, jahili kuwa marar sani ne.

To, yaya aka yi ma'anar ta juya? A shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe ajujuwan manya, aka raɗa wa shirin suna Yaƙi da Jahilci, Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa. Hukumar NORLA da ke Zariya ta riƙa buga littattafai da jaridun larduna, ta Lardin Borno ita ce Albishir. Wallahi shirin ya yi amfani, talaka ya iya duba takardar harajinsa. Amma sunan ya bar baya da ƙura. Daga nan duk wanda bai iya a, ba, ca, da ba ya zama jahili a ofis, ko da kuwa alaramma ne mai rubuta izu sittin da ka. Fatake da ke riƙe lissafin goro da fata da ajami suka koma masu dangwala yatsa. A 2007 ma an cire ajami daga ƙananan takardun naira.

Don haka 'yan'uwa mu gyara harshe. In mutum bai yi makarantar zamani ba, a ce "bai yi boko ba". In haɗa baƙi ke ba shi wahala, a ce "karatunsa bai nuna ba". Dattijon da aka kira jahili a gaban 'ya'yansa ba zai sake taka ajin manya ba, mu ne kuma da asara.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.