LignoSat

LignoSat ɗan ƙaramin tauraron ɗan'adam ne na ƙasar Japan, wanda masanan Jami'ar Kyoto, tare da kamfanin Sumitomo Forestry, suka yi gangar jikinsa da katako; shi ne kuwa na farko irinsa da aka kai sararin samaniya.

Hikimar yinsa ita ce, taurarin da aka saba ƙerawa da alminiyon, idan wa'adinsu ya cika suka faɗo suka ƙone, sukan bar ƙura a saman iska wadda masana ke fargabar illarta ga muhalli, alhali katako ƙonewa yake yi ƙurmus, bai barin irin wannan ƙura sai kaɗan. Kafin a tsai da shawara, an ajiye itatuwa iri uku a wajen Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa a shekarar 2022, kimanin wata 10, daga bisani aka zaɓi itacen honoki, wanda Japanawa suka daɗe suna sassaƙa kuben takobi da shi.

Siffarsa ta akwati ce, kowane gefe santimita 10, an kuma haɗa allunansa bisa fasahar kafintocin gargajiya ta Japan, ba ƙusa ba gam. An harba shi daga Amurka zuwa tashar sararin samaniyar ranar 5 ga Nuwamba, 2024, aka sake shi daga tashar ranar 9 ga Disamba, amma ba a sami sadarwa da shi daga ƙasa ba.