Farcen Akirilik: Asalinsa da Shigowarsa Ƙasar Hausa

Farcen akirilik, wanda mata suka fi kira farcen roba, ƙarin farce ne da ake ginawa a kan na ainihi da haɗin gari da ruwan sinadari. Mai gyaran farce takan kankare saman farcen har sheƙinsa ya dushe, ta soka takarda mai danƙo a ƙarƙashin bakinsa ta naɗe yatsan da ita, sannan ta tsoma burushi a ruwan, ta dangwali garin, ta ɗora ɗan curin ta shafe shi har ya wuce kan yatsa. Cikin 'yan mintuna ya sandare ba tare da an haska masa fitila ba, sai a zare takardar a goge shi. Akwai kuma mazubi na roba mai siffar farce: a zuba haɗin a cikinsa, a kifa a kan yatsa, in ya kama a ɓamɓare, kamar yadda ake buga bulo.

Sana'ar daga hannun likitocin haƙori ta fito. Tun shekarun 1930 suke haɗa wannan gari da ruwa suna yin dasashin haƙoran roba, kuma a 1934 wani daga cikinsu a Cikago ta Amurka, Maxwell Lappe, ya ƙera farcen mannawa domin masu cizon farce. Wanda ya kawo dabarar gina farce a kan matokari shi ne Fred Slack, likitan haƙori a Filadelfiya. A tsakiyar shekarun 1950 farcensa ya karye yana cikin aiki, sai ya tokare wurin da ƙyallen alminiyam ya cike shi da akirilik ɗin haƙori. Shi da ɗan'uwansa Tom suka gyara dabarar, aka yi mata rajistar mallaka a 1957, suka kafa kamfanin Patti Nails. Manyan kamfanonin da suka biyo baya ma ta wannan ƙofa suka shigo: likitan haƙori Stuart Nordstrom ne ya kafa CND a 1979, OPI kuwa da sayar da kayan asibitin haƙori ya fara.

Ruwan farko da aka yi amfani da shi, MMA, ya yi ɓarna. Yana kama farce kamun da in hannu ya bugi wani abu, sai na ainihin ya tsage tare da na robar, ga kumburi da ƙaiƙayi. A 1974 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta bi ta kotu ta janye shi daga kayan farce, aka koma ga EMA mai sauƙin illa. MMA bai ɓace ba, domin ya fi araha, kuma har yau yana yawo a kasuwanni. Ana gane shi da tsananin wari da kuma yadda yake ƙin narkewa in an jiƙa shi a asiton. Shekara guda bayan matakin FDA, 'yar fim Tippi Hedren ta kai mai gyara mata farce sansanin 'yan gudun hijirar Biyetnam kusa da Sakaramento ta koya wa mata 20 sana'ar. Daga nan 'yan Biyetnam suka mamaye ta a Amurka, suka karya farashi, abin da yake na taurarin fim ya zama na kowa.

Ƙasar Hausa kuwa ta daɗe da nata adon farce, wato lalle. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta ya fito a 1954, ta yi bayanin matsayin lalle a bikin aure tun zamanin ƙuruciyarta. A ƙauyukan Katsina irin su Sukuntuni da sauran garuruwan Kankiya da Kusada, ana daka busasshen ganyen, a tankaɗe, a kwaɓa, a ƙunsa wa hannu da ƙafa. A da mace takan zura hannu cikin zunguru ta zauna da shi sa'o'i har lallen ya kama. Fata takan saki launin cikin mako biyu zuwa uku, amma farce ba ya saki. Jan yana nan yana hawa sama yadda farcen yake tsiro, kimanin milimita 3 a wata, har a yanke shi, shi ya sa mai lura kan iya ƙiyasta yaushe aka yi biki in ta dubi farin da ya fito a gindin farcen amarya. Daga baya aka samu ƙunshin salatif, da zanen fulawa na dayis, da jan farcen kanti.

Farcen akirilik ya iso Arewa ta shagunan gyaran gashi na manyan birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, kayan aikinsa kuma suna cikin kayan kwalliyar da ake saro wa a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Finafinai da hotunan amare a Instagram da TikTok sun ƙara masa kasuwa. Duk da haka bai ture lalle ba, kuma babban dalili alwala ce. Lalle rina farce yake yi, ruwa yana taɓa shi, don haka malamai ba su ga laifinsa ba. Akirilik rufe farcen yake yi ruf, alhali wanke hannu har da farata farilla ne a alwala da wankan tsarki. Ga hadisin Anas a Sahihu Muslim da ya iyakance barin farce da kwana 40, wasu malaman kuma suna kwatanta ƙarin farce da ƙarin gashi da aka hana. Wannan ya sa masu sha'awarsa da yawa suke jiran kwanakin da ba sa salla, ko lokacin biƙi. Sai dai lissafin ba ya fita: an gina akirilik ne don ya yi makonni ana yi masa ciko duk mako biyu ko uku, cire shi kuma sai an jiƙa yatsu a asiton na kusan rabin sa'a. Biyan kuɗinsa don kwana biyar asara ce, shi ya sa farcen da ake mannawa da gam a cire bayan walima ya fi dacewa da amaren nan.

Akwai kuma aikin gida. Hannun da zai yi surfe, ya tuƙa tuwo, ya yi wanki, ya ci abinci, dogon farce ba ya barin sa ya sake. Yawan shiga ruwa yana ɗaga gefen robar, danshi ya maƙale a tsakani, ƙwayar cutar Pseudomonas ta samu wurin zama, farcen ya koma kore.

Wannan ƙwayar ce ta fitar da farcen roba daga asibitoci. Tsakanin 1997 da 1998 ta kama jarirai 46 a sashen jinyar jarirai na wani asibiti a birnin Oklahoma, 16 suka rasu, bincike kuma ya danganta yaɗuwar da ma'aikatan jinya biyu, ɗaya mai dogon farce, ɗaya mai na roba. Ƙa'idojin tsaftar hannu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 sun hana mai taɓa marar lafiya sanya ƙarin farce, kuma hanin ya hau kan kowace ungozoma da ma'aikaciyar jinya, har da ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya in sun fita sanin makamar aiki.