Tsibiran Dutse da Mawaƙansu Biyu

Ba sai ruwa ya kewaye ƙasa take zama tsibiri ba. Duwatsun da suka yi cirko-cirko a tudun Jos, waɗanda gonaki da gidaje suka yi wa zobe, tsibirai ne ga tsuntsun da ya saba da sarƙaƙiyar gindinsu. A can wasu ƙananan tsuntsaye biyu suke zaune, kuma tarihin saninsu a juye ya zo.

Na farko baƙi ne mai ƙyalli, wanda ba ya gina sheƙa. Macen takan lallaɓa ta saka ƙwanta a sheƙar wani, ɗan ya tashi a hannun masu riƙo, ya haddace waƙarsu. Masanin tsuntsaye Ba'amurke, Robert Payne, ya raɗa masa suna a 1982. Sai dai waƙar da yake kwaikwayo ta bambanta da ta tsuntsayen da aka sani. To, a bakin wa ya ɗauko ta? Sai a 1998 Payne ya bayyana mai waƙar na asali: ɗan jan tsuntsu mai jan gadon baya, mazaunin duwatsu, wanda littattafan masana ba su ware shi ba sai a lokacin. Wato ɗan cin arziki ne ya ba da shaidar maigida.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne a auna su da mudu ɗaya. Jan zai rayu ko babu baƙin. Baƙin kuwa, ranar da sheƙar jan ta ƙare, zuriyarsa ta ƙare. Tsibiri kuma ba ya ba da wurin gudu: kyanwoyi ne suka ƙarar da ɗan tsuntsun tsibirin Stephens na ƙasar Niyu Zilan wajen 1895.

Abin da ya tsare su a dajin Amurum ya girmi kimiyya. Mutanen Laminga sun daɗe suna girmama dajin kafin a kafa cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a 2001, ƙarƙashin Jami'ar Jos. Duwatsun da ke wajen dajin ba su da wannan gata. Gatari da kiwo da masu fasa dutse suna ta cin gefensu.

Ni a Kakuri nake, kudu da kogin Kaduna. Kullum tifofi na wuce ni cike da tsakuwa, kuma na fara tambayar direbobin daga wane dutse aka faso ta.