Ɗaurewar tsokar ƙasan mara: alamominta da yadda kine ke warware ta

A ƙasan ƙugun kowane mutum, mace ko namiji, akwai wasu tsokoki da suka shimfiɗu kamar raga daga ƙashin mara zuwa ƙashin gindi. Su ke tallafe mafitsara da ƙarshen hanji, da mahaifa ga mace. Ma'aikatan lafiya na kiran wurin périnée da Faransanci, kuma kalmar ce za ku gani a takardar likita. Aikin tsokokin nan biyu ne: su matse don riƙe fitsari da bayan gida, su kuma saki idan lokacin fitar da su ya yi, ko lokacin saduwa da haihuwa. An fi sanin matsalar sakinsu, wadda ke sa fitsari ya kufce wa mace in ta yi tari. Akwai kuma kishiyarta, wato tsokar ta ɗaure ta ƙi saki.

Alamomi

Mace kan ji zafi a bakin farji tun farkon saduwa, wani lokaci har abin ya gagara gaba ɗaya. Fitsari kan yi jinkirin fitowa, ko ya fito kaɗan-kaɗan, mutum ya tashi yana jin bai gama ba. Bayan gida sai da nishi. Wasu na jin nauyi ko zugi a dubura idan sun daɗe zaune, wasu ciwon ƙugu da cinya. Maza ma na samunta: ɗan kabu-kabu ko tela da ke yini kan kujera kan ji ciwo tsakanin maraina da dubura, ya yi ta shan maganin basir babu sauƙi.

Alamomin sun yi kama da na ciwon sanyi, shi ya sa ake ta sayen kafso a hannun masu tallar magani. Idan an yi awon fitsari an ga babu ƙwayar cuta amma ciwon na nan, ya kamata a duba tsokar.

Me ke kawo ta

Tsoka na ɗaurewa ne don ta kare wurin da ya taɓa jin ciwo ko yake tsoron jin sa. Doguwar naƙuda, yagewa ko ɗinki bayan haihuwa, ciwon sanyi da ya daɗe, taurin bayan gida, yawan riƙe fitsari a kasuwa ko a mota, fargaba, da saduwar da aka yi da ƙarfi, duk suna iya zama mafari. Daga nan abin sai ya riƙa ciyar da kansa: zafi ya kawo tsoro, tsoro ya ƙara ɗaure tsokar, ɗaurewar ta ƙara zafin.

A Magariya da Dungas, kamar sauran yankunan jihar Damagaram, ana aurar da ƴan mata da wuri, haihuwa kuma kusa-kusa. Amaryar da jikinta ya ƙi karɓar miji kan sha zargi. Wasu su ce ƙiyayya ce, wasu su ce iska ce ta aure ta, wasu su ce ba hanya. A nan haɗarin yake, domin maganar "ba hanya" ita ke kai yarinya wurin wanzami ko tsohuwar ungozoma a yi mata yankan gishiri. Askar na iya huda mafitsara ko hanyar fitsari, kuma likitocin da ke ɗinkin yoyon fitsari a ƙasar Hausa, irin na Babbar Ruga a Katsina, sun daɗe da lissafa wannan yanka cikin abubuwan da ke kawo musu mata. Hanya na nan a mafi yawan lokuta, tsoka ce ta rufe ta, tsoka kuwa ba a kwance ta da aska. Haka ma kayan matsi da ake cusawa: suna busar da fatar wurin, su ƙara raɗaɗi.

Aikin kine

Kine, wato mai gyaran jiki ta hanyar motsa gaɓoɓi da tausa, yakan fara da tambayoyi, sannan ya duba numfashi, ƙugu da cinyoyi. Dubawar ciki da yatsa cikin safar hannu ba a yin ta sai da yardar mara lafiya, kuma mace na da damar neman mace ƴar'uwarta ta duba ta.

Darasin farko numfashi ne. A kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwoyi, a ɗora hannu kan ciki, a ja iska a hankali ta hanci har cikin ya taso. Duk lokacin da iska ta shiga, ƙasan mara na sauka ya saki. Minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana sun isa farawa. Sai miƙe tsokokin da ke kewaye: tsugunawa sosai da dafa bango, ko durƙusawa a buɗe gwiwoyi a kifa ƙirji ƙasa. Zama cikin ruwa mai ɗumi na taimakawa. Mai ɗumi na ce, ba irin tafasasshen ruwan wankan jego ba.

Inda akwai ƙwararre, yakan danna wuraren da suka ƙulle a hankali har su saki, dabarar da likitan Amurka George Thiele ya bayyana tun 1937. Akwai na'urar da ke nuna ƙarfin matsewar tsoka a allo don mutum ya koyi sakinta, da wasu sandunan roba masu girma daban-daban da mace ke amfani da su da kanta, daga ƙarami zuwa babba. Sauƙi kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Miji na da rabonsa a aikin: a dakatar da saduwar da ke sa ciwo har sai an samu ci gaba.

Abu ɗaya da ya kamata a kiyaye shi ne bidiyon da ke yawo a WhatsApp da TikTok na motsa jikin Kegel, wanda likita Arnold Kegel ya fito da shi a 1948. An yi shi ne don tsokar da ta saki. Wadda tata ta riga ta ɗaure, in ta yi ta matsewa sau ɗari a rana, ciwon ƙaruwa zai yi.

Taurin bayan gida ma sai an magance shi: ruwa isasshe, musamman lokacin zafi, da miyar kuɓewa, zogale, rama da wake. Tsuguno a masai na gargajiya ya fi zama kan kujera sauƙaƙa fitar bayan gida.

Ina za a je

A fara da CSI mafi kusa, wurin saj-fam ko majo, a yi awon fitsari, a tabbatar ba ciwon sanyi ko tsargiya ba ne, tunda yankin na da tafkuna da yawa. Daga nan asibitin gunduma na iya tura mutum Damagaram, kimanin kilomita 90 daga Magariya, inda babban asibitin ƙasa ke da sashen kine, ga kuma cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro. A tambayi likitan mata ko saj-fam wanda ya san aikin ƙasan mara, don yawancin aikin kine a ƙasar nan ya fi karkata ga karaya da shanyewar jiki. A Faransa kuwa asusun lafiya na ƙasa ne ke biya wa mai jego wannan gyara bayan haihuwa.

Zazzaɓi tare da ciwon mara, jini a fitsari ko bayan gida, ruwa mai wari, ramewa, kasa yin fitsari kwata-kwata, ko ciwo mai tsanani ga mai juna biyu, duk na zuwa likita ne a ranar. Matar da fitsari ke zubo mata dare da rana bayan haihuwa ko bayan yankan gishiri, ita aikin tiyata take buƙata, kuma ana yin sa a Damagaram, da Danja kusa da Maraɗi, da Yamai.