Ƙasusuwan Goronyo da Gardamar Asalin Halitta

A shekarar 1859 Charles Darwin ya fitar da littafinsa a Ingila, inda ya ce jinsunan halittu sun tsiro ne daga waɗansu, suna sauyawa sannu a hankali. Malaman coci da dama suka yi masa ca. Makarantun boko suka kawo wannan gardama ƙasar Hausa, ta tarar da jama'a masu yaƙinin cewa Allah ya halicci Annabi Adamu daga yumɓu.

Ita ma ƙasar tana da tata shaidar. A 1930 masana suka bayyana ƙasusuwan wata dabbar teku da aka tono a lardin Sakkwato, wadda aka raɗa wa sunan garin Goronyo a 1972. Ashe teku ya taɓa rufe wurin, fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce.

A 2009 Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ya gaya wa BBC cewa ra'ayin Darwin yana cikin dalilansa na ƙin boko. Gardamar littafi ta koma barazana ga makaranta.

Saboda haka wajibi ne ɗan Barkiya da ya shiga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya rarrabe tambayoyi biyu: wa ya yi halitta, kuma yaya ta gudana? Ƙashi ba ya amsa ta farko, kau da kai daga gare shi kuwa ba ya amsa ta biyu.